Fihirisa Da Tsakure: Mabuɗan Ɗakin Karatu

Ɗalibin da ya shiga babban laburare yana neman abin da aka rubuta game da cinikin gyaɗa a Kano zai tarar da littattafai jibge, da mujallu, da tsofaffin jaridu ɗaure shekara-shekara. Mai yiwuwa amsar da yake nema tana cikin shafi guda, amma in ba a nuna masa shafin ba, sai ya share watanni yana buɗe takardu, wa'adin aikinsa ya cika bai gano ta ba. Maganin wannan wahala shi ne aiki biyu da ma'aikatan laburare ke koyo, watau tsara fihirisa da rubuta tsakure.

Kalmar fihirisa daga Larabci muka aro ta, kuma aikin kansa ya daɗe. A shekarar 377 ta Hijira, daidai da 987, wani mai sayar da littattafai a Bagadaza, Ibn Nadim, ya tsara Kitabul Fihrist, inda ya jera littattafan da ya sani da marubutansu cikin babi 10. Da yawa daga cikinsu sun salwanta, ba a san an taɓa rubuta su ba sai ta bakinsa.

Fihirisa jerin kalmomi ne, galibi bisa tsarin abacada, kowace tana nuna inda za a sami batunta. Akwai na ƙarshen littafi mai nuna shafi, akwai kuma wanda ke tattara maƙalun mujallu masu yawa, kamar Index Medicus na likitoci da John Shaw Billings ya fara a Amurka a 1879. Mai tsarawa yakan karanta rubutun tukuna, ya tantance ainihin abin da yake magana a kai, sa'an nan ya zaɓi kalmomin da za su wakilce shi.

To, wajen zaɓen kalmomin nan ne gwani ke fita daban. Abin da Bakano ke kira gyaɗa, Basakkwace gujiya yake ce masa, alhali a Kano gujiya wani amfanin gona ne daban. Idan mai fihirisa ya bi bakin kowane marubuci, sai rubuce-rubucen su watse wuri biyu, ɗalibin nan ya sami rabi ya ɗauka ya sami duka, wanda ya fi rashin samun kome haɗari. Saboda haka akan tsai da kalma ɗaya, a rubuta "duba gyaɗa" a gaban ɗayar, a kuma bayyana wace gujiya ake nufi. Haka sunayen mutane: Shehu Usmanu, da Usman ɗan Fodiyo, da Uthman ibn Fudi duk mutum ɗaya ne, dole a tara su ƙarƙashin suna guda. Akwai kuma batun yawan kalmomi. Wanda ya sa wa maƙala kalmomi 30 zai jawo masu neman da ba za su ƙaru da ita ba, wanda ya sa biyu kacal kuwa ya ɓoye ta ga masu bukata.

Shi tsakure aikinsa ya fara daga inda fihirisa ya tsaya. Taƙaitaccen bayani ne na abin da rubutu ya ƙunsa, domin mai nema ya yanke shawara ko ya cancanci a karanta shi gaba ɗaya. Wani tsakuren yakan ambaci batutuwan da aka tattauna kawai. Wani kuwa yakan kawo manufar binciken, da hanyar da aka bi, da sakamakon da aka samu, har da alƙaluma, shi ne masana kimiyya suka fi so. Tun 1907 masu ilmin haɗa sinadarai suka kafa mujallar Chemical Abstracts domin wannan aiki kaɗai. Sharaɗinsa gaskiya: mai tsakure ba ya ƙara ra'ayinsa, ba ya ƙawata abin da marubuci bai tabbatar ba, domin masu karatu da dama a kan tsakuren suke tsayawa.

Wasu na ganin zuwan kwamfuta ya kashe sana'ar. Amma na'ura kalmar da aka buga mata take nema, kuma rubutun hannu na Larabci da Ajami da ke cikin gafakar malamai bai karantuwa gare ta cikin sauƙi. Waɗannan sai mutum ya zauna ya duba su ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda Kensdale ya yi wa na Jami'ar Ibadan tsakanin 1955 da 1958, da yadda John Hunwick ya tattara sunayen malaman wannan yanki da wallafe-wallafensu cikin kundin da aka buga a Leiden a 1995.