KONGO: MAKARANTAR AKAWUNA TA ZAMA GIDAN SHAIHUNAN MALAMAI

Wanda duk ya san Tudun Wada ta Zariya ya san Kongo, inda Jami'ar Ahmadu Bello take koyar da ilmin shari'a da na sha'anin mulki. Amma ba kowa ne ya san mafarin wurin ba, alhali kuwa a cikin wannan mafari akwai darasi ga duk mai riƙe da wani ofis.

Asalin wurin makarantar akawuna ce. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Gwamnati ta ga Arewa ba ta da isassun 'ya'yanta masu iya aikin ofis, sai ta buɗe makaranta a Kongo don koya wa samari buga tafireta, da ajiye fayil, da lissafin kuɗi. A 1954 aka ɗaga darajarta ta zama Makarantar Koyon Sha'anin Mulki. Nan ma'aikatan En'e suka riƙa zuwa kos, nan aka horar da 'yan Arewa da suka gaji Turawa a aikin Di'o, nan kuma aka tara alƙalai aka karantar da su sabuwar dokar laifuffuka wadda ta fara aiki a 1960. Da aka kafa Jami'a ran 4 ga Oktoba, 1962, Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello yana Ubanta, sai makarantar ta shiga ƙarƙashinta. Wani Bature, S. S. Richardson, shi ya shugabance ta a shekarun nan na farko, daga baya Dokta Mahmud Tukur ya gaje shi.

YADDA AKE TAFIYAR DA SASHE

To, bari mu duba yadda aka tsara mulki a irin wannan gida. Jami'a tana da majalisu biyu manya. Ɗaya ita ke kula da kuɗi da gine-gine da ɗaukar ma'aikata. Ɗayar kuwa ta manyan malamai ce, ita ke da iko kan karatu da jarrabawa da ba da digiri. Ƙarƙashinsu akwai tsangayoyi, kowace tsangaya kuma an raba ta sashe sashe. Sashen nan shi ne ƙaramar gunduma, amma a nan ake ainihin aikin. Nan ake raba wa malamai darussa, nan ake shirya tambayoyi, nan ake zama a duba makin kowane ɗalibi kafin a miƙa shi gaba. Malamin da ya cancanci ƙarin girma ma, takardarsa daga nan take tashi.

Kowane mataki yana da ƙa'idarsa a rubuce, kuma ba don wahalar da mutane aka yi su ba. Ana gayyato malami daga wata jami'a ya duba jarrabawar ƙarshe don kada son rai ya shiga. Wanda za a naɗa shaihun malami, sai an aika da rubuce-rubucensa ga masana na waje sun auna. Wanda aka zarga da laifi, sai an ba shi takarda an ji ta bakinsa kafin a hukunta shi. Ana rubuta abin da aka yanke a kowane taro, domin baki yana mantuwa, takarda ba ta yi. Duk waɗannan garkuwa ce ga ƙarami, don babba ba ya rasa mai tsaya masa.

SHUGABAN SASHE BA HAKIMI BA NE

Abin da ya bambanta sashen jami'a da sauran ofisoshi shi ne shugabancinsa aro ne. Mutum ya yi 'yan shekarunsa ya sauka, ya koma aji, wani ya hau, watakila ma wanda ya karantar ne da hannunsa. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Saboda haka shugaba mai hankali ba ya yanke magana shi kaɗai. Yakan kira taro, ya bar ƙaramin malami ya faɗi ra'ayinsa har ƙarshe, in kuwa gyara ya kama sai ya kira mutum ofis su biyu, ba ya tsinka shi gaban ɗalibai ba. Malamin da aka kunyata gaban ajinsa, da wane ido zai koma ya dube su gobe?

Haka kuma malamai mata suna da hakkin a kira su da muƙaminsu, a saurare su a taro kamar kowa. Ɗaliba kuwa amana ce. Wanda ya mai da maki abin ciniki da mutuncinta ya ci amanar iyayen da suka aiko ta, ya kuma zubar da darajar takardar shaidar da kowa ya fita da ita daga gidan.

KADA A RAINA AKAWU

Amma inda aka fi samun sakaci a ofisoshin ƙasar nan shi ne wajen ƙananan ma'aikata, watau akawu da masinja da mai shara. Sau da yawa za ka ga mai digiri ya wuce dattijon da ya haife shi ba ko sallama, sai in yana neman fayil. Alhali kuwa takardar ƙarin girmansa a hannun akawun nan take kwana. Idan ya yi kuskuren lamba ɗaya a jerin maki, ɗan wani talaka da aka sayar da hatsi aka biya masa kuɗin makaranta sai ya maimaita shekara. Mutumin da irin wannan nauyi ke kansa, ai ya isa a gaishe shi da safe, a kira shi Malam, a ba shi hutunsa in lokaci ya yi, a tura shi kos ya ƙaru. Shi ma kuwa akwai nasa: ya zo aiki kan lokaci, ya riƙe asirin ofis, kada ya danne takardar wani don jiran goro.

Wannan ba baƙon ilmi ne da Turawa suka kawo mana ba. Tun zamanin jihadi Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta wa mutanen Kano littafinsa Liya'ul Hukkami a kan ladubban masu mulki, kuma shawara da adalci da tausaya wa na ƙasa su ne ginshiƙan da malaman Sakkwato suka tsaya a kai. Abin da jami'a ta ƙara shi ne fayil da kwamiti.

Saboda haka muna kira ga malamanmu, na Kongo da na Samaru da na ko'ina, su tuna cewa ɗalibi yana koyon mulki daga abin da ya gani a ofis fiye da abin da ya ji a aji. Wanda ya ga ana daka wa masinja tsawa, haka zai yi ran da ya zama Sakatare. Gidan da akawuna suka fara zama a cikinsa shi ya fi cancanta ya nuna wa sauran yadda ake girmama akawu. Allah ya sa mu gane, amin.