Bakkale, Saifa da Sammore: Abin da Ke Bayan Sunayen Cututtuka

Makiyayi da idonsa yake raɗa wa cuta suna. Saniya ta mutu, an feɗe, an tarar saifarta ta kumbura ta yi baƙi, sai a ce saifa ce ta kashe ta. Wadda ke tari tana numfashi da ƙyar, huhu ne. Wadda cinyarta ta kumbura dare ɗaya, harbin daji. A mutane ma haka muke yi: wuya ya sandare mu ce sanƙarau, mutum ya yi ta gyangyaɗi da rana tsaka mu ce ciwon barci. Sunayen nan sun yi wa kakanninmu aiki, sai dai iyakarsu su nuna inda ciwon ya fito fili.

Likita kuwa tambayarsa ita ce, wace ƙwaya ce ta shiga? Abin da muke haɗawa mu kira ƙwayar cuta iri-iri ne. Akwai bakteriya, halitta mai cin gashin kanta da ke rabewa biyu ta hayayyafa, ita ce maganin antibayotik ke kashewa. Akwai bairas, wanda ya fi ta ƙanƙanta nesa ba kusa ba, ba ya iya hayayyafa sai ya kutsa cikin ƙwayar halittar jiki, kuma antibayotik ba ya taɓa shi. Sai kuma masu zaman cin amana a jini ko hanji, irin na zazzaɓin cizon sauro da tsutsotsi. Saifa da bakkale da tarin fuka duk bakteriya ne. Murar tsuntsaye, wadda ta fara ɓulla a Afirka a wata gonar kaji da ke Jaji ta Jihar Kaduna a 2006, bairas ce, haka ma haukan kare da zazzaɓin Lassa. Saboda haka mai kaji da ke fasa kafso a ruwan shansu lokacin murar tsuntsaye kuɗinsa kawai yake zubarwa.

Inda sunayen suka fi ruɗa mu shi ne idan cuta ɗaya ta zo wa dabba da fuska ɗaya, ta zo wa mutum da wata. Ɗauki bakkale. A garke, alamarta saniya ta yi ɓari a ƙarshen ciki, mabiyiya ta ƙi fita, gwiwa ta kumbura da ruwa. Mai shanu ya sa hannu tsirara ya janye ɗan maraƙin da ya mutu, a gida kuma a sha madarar ba a tafasa ba. Bayan makonni sai zazzaɓi ya kama shi, yau ya sauka gobe ya dawo, ga zufa da dare, ga ciwon baya da gaɓoɓi. Babu wanda zai kira wannan bakkale, domin a kunnenmu bakkale ciwon shanu ne. Sai a yi ta ba shi maganin maleriya da na taifot, alhali maganinsa antibayotik ne iri biyu da ake sha har tsawon mako 6.

Likitan sojan Birtaniya David Bruce ne ya gano ƙwayar bakkale a tsibirin Malta a 1887. Shi ne kuma daga baya, a ƙasar Zulu, ya nuna cewa ƙudan tsando ne ke ɗaukar ƙwayar da ke rame shanu. Wannan cutar ita muke kira sammore, kuma dangin ƙwayarta ne ke jawo wa mutum ciwon barci.

Saifa ta fi gaggawa. Dabba tana kiwo lafiya lau da safe, kafin yamma ta faɗi, baƙin jini da ba ya daskarewa yana fita ta hanci da dubura. Da zarar an feɗe ta iska ta shiga, ƙwayar sai ta yi wa kanta ɓawo mai tauri ta kwanta a ƙasa shekaru da dama tana jiran wata dabbar. Mahauci da majemi kan kamu da ita a fata, gyambo mai baƙin tsakiya. A watan Yulin 2023 an tabbatar da ɓullarta a wata gona a Suleja. Saboda ɓawon nan, abin da ya ba cutar sunanta, buɗe ciki a duba saifa, shi ne babban abin da likitocin dabbobi ke hanawa.

Cuta tana iya ƙarewa ta bar suna kawai. Bushiya, 'yar uwar ƙyanda, wadda ta karkashe shanun ƙasar nan a shekarun 1890 ta kuma dawo a 1983, an sanar da kawar da ita daga duniya a 2011, kamar yadda aka yi wa agana a 1980. Allurar rigakafi ce ta yi aikin, kuma cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda ke aiki tun 1924, na cikin waɗanda suka haɗa ta bushiya.

Bakkale da saifa da haukan kare kuwa suna nan tare da mu. Duk wanda ke kiwo, fawa ko jima, idan zazzaɓi ya ƙi jin magani, ya gaya wa likita sana'arsa da abin da ya faru a garkensa. A tafasa madara kafin a sha. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya kuma kada a feɗe ta, a kira malamin dabbobi.