Tsohuwar Mota Na Misin: Yadda Za Ka Gano Ciwon Injin Kafin Ka Yarda a Sauke Shi

Duk wanda ya sayi tsohuwar mota da niyyar farfaɗo da ita sannu a hankali, akwai jimlar da ba ya son ji daga bakin bakanike: "Alhaji, sai dai fa a sauke inji." Sau da yawa ana yanke wannan hukunci ne da kunne kawai. An tayar da mota, an ji tana karkarwa, salansa na tari, shi ke nan. Amma abin da ke sa inji misin zai iya zama koyil ɗaya da za a canza cikin minti goma, zai kuma iya zama bawul da ya ƙone wanda sai an ɗaga top. Tazarar kuɗin da ke tsakanin waɗannan biyu ba ƙarama ba ce, kuma akwai ƙananan na'urori da za su nuna maka wanne ne kafin ka buɗe aljihu.

Za mu ɗauki misali da injin Toyota mai suna 1ZZ-FE, mai lita 1.8 da silinda huɗu, wanda ke cikin Corolla 'yan Amurka daga samfurin 1998 zuwa 2008. Motar ta cika titunanmu, kuma da yawa daga cikinsu sun haura shekara ashirin. Matakan da za mu bi suna aiki a kusan duk injin fetur.

Mene ne misin?

Kowace silinda tana zagaye matakai huɗu: fistin ya sauka ya shaƙo iska da mai, ya hau ya matse su, filogi ya ba da wuta su ƙone su tura shi ƙasa, sannan ya sake hawa ya kori hayaƙi. Kafin ƙonewar nan ta yiwu sai abu uku sun haɗu a daidai lokacinsu: wuta, cakuɗin mai da iska, da kuma matsi, wato abin da bakanikai ke kira kamfireshan. In ɗaya ya gaza, silindar za ta yi zagayenta ba ta ba da ƙarfi ba. Wannan shi ne misin.

Don haka aikin bincike gaba ɗaya tambaya ɗaya ce: a cikin ukun nan wanne ne ya ɓace, kuma a wace silinda? Masu rubuta manhaja suna da ƙa'ida idan suna farautar kuskure: a canza abu ɗaya tak a lokaci guda, a sake gwadawa, a rubuta sakamako. Ita ce ƙa'idar da ta fi amfani a nan. Wanda ya canza filogi da koyil da famfon mai rana ɗaya, ko motar ta gyaru bai san abin da ya gyara ta ba, in kuma ba ta gyaru ba ya yi asarar kuɗi uku.

Yanayin da misin ɗin ke fitowa ma yana ba da haske. Idan motar tana silo lafiya amma sai ka taka totur a hawa ta fara fizga, an fi zargin wuta, domin tartsatsin filogi yana shan wahalar tsallakawa idan matsin cikin silinda ya ƙaru. Idan kuwa a silo take karkarwa sannan ta ɗan daidaita da gudu ya ƙaru, to a yi tunanin iska na kutsowa ta wani tsagaggen tiyo, ko kuma matsi na zurarewa. Dalili shi ne, a silo fistin yana tafiya a hankali, iskar tana samun isasshen lokacin da za ta sulale ta duk wata kafa.

Fara da tambayar kwamfutar motar

Tun daga 1996 doka ta tilasta wa duk ƙananan motocin da ake sayarwa a Amurka su zo da tsarin OBD-II. A Turai motocin fetur sun bi sahu a 2001. Ramin yana da fil 16, yawanci a ƙarƙashin sitiyari. Da ɗan abin karatu nau'in ELM327 mai Bluetooth da manhaja irin su Torque ko Car Scanner a wayarka, za ka ga abin da birenbos ɗin motar ya ajiye. Akasarin waɗanda ake sayarwa da araha kwaikwayo ne, wasu ba sa iya magana da kowace mota, saboda haka ka gwada a motarka kafin ka biya.

Kwamfutar ba ta ganin cikin silinda. Abin da take lura da shi shi ne gudun kiranshaf ta hanyar sensa. Duk lokacin da silinda ta ƙona mai, kiranshaf yana samun 'yar ingiza. In ingizar ta ɓace a lokacin da ake sa ranta, kwamfutar ta san wace silinda ce ta yi fashi. P0301 na nufin silinda ta ɗaya, P0302 ta biyu, haka har P0304. P0300 kuwa na nufin misin ɗin yana yawo, bai tsaya wuri ɗaya ba. Lambar tana faɗa maka inda matsalar take, ba ta faɗa maka dalili. P0303 ba ta ce "sayi koyil" ba.

Ka duba kuma ƙididdigar gyaran mai da manhajar ke nunawa da STFT da LTFT. Idan jimillarsu ta haura kashi 10 cikin 100 a silo, sannan ta sauko da ka ƙara wuta, alama ce ta iska na shiga ta bayan fage. Sau da yawa P0171 ce ke rakiyar wannan.

In fitilar inji tana ƙiftawa maimakon ta tsaya cak, ka ajiye motar. Man da bai ƙone ba yana wucewa ya ƙone a cikin matatar hayaƙi, wadda bakanikanmu ke kira indomi, har ya narkar da ita.

Ga masu irin su Peugeot 504 mai kafireta da distiributa, babu ramin da za a soka komai. Sai a koma tsohuwar dabara: inji na silo, a zare wayar filogi ɗaya bayan ɗaya da filaya mai roba a hannu. Wadda aka zare inji bai canza murya ba, ita ce silindar da ba ta aiki.

Gwajin musanya, wanda ba ya cin ko sisi

A ce lambar ta nuna silinda ta uku. Injin 1ZZ-FE na daga 2000 zuwa sama kowace silinda da koyil ɗinta. Ka ɗauke na uku ka kai ta ɗaya, na ɗaya ka kawo ta uku, ka goge lambar, ka ɗan zaga. In lambar ta koma P0301, koyil ne. In ta tsaya a P0303, yi haka da filogi. In har yanzu ba ta motsa ba, saura nozul, sai kuma ita silindar kanta.

Yayin da filogin ke hannunka, karanta shi. Ruwan ƙasa-ƙasa lafiya ne. Baƙin toka busasshe mai ne ya yi yawa ko wuta ta yi rauni. Jiƙewa da baƙin mai alamar man inji na haurowa. Wanda kuwa ya fita fes kamar an wanke shi alhali 'yan uwansa da datti, abin tsoro ne, domin ruwan lagireto idan ya shiga silinda tururinsa yana wanke komai.

Auna matsi

Idan misin ya ƙi bin koyil, ya ƙi bin filogi, lokacin gejin kamfireshan ya yi. Agogo ne mai tiyo da ake ɗaurawa a ramin filogi. Yadda aka yi gwajin shi ke sa a yarda da lambar ko a yi watsi da ita, don haka a kiyaye waɗannan:

Inji ya ɗumama tukuna, sannan a bar shi ya ɗan huce kafin a kwance filogi, saboda top ɗin alminiyam ne kuma zarensa na saurin lalacewa. A cire filogi duka huɗu. A zare fis ɗin da ke ba famfon mai da nozul wuta, a cire soket ɗin koyil. Batir ya kasance cike, domin kik mai rauni yana saukar da lamba. Giya a firi. A taka totur har ƙasa don iska ta shiga sosai, a yi kik har allura ta daina hawa, wato kamar bugu biyar ko shida, kuma a yi adadi ɗaya ga kowace silinda. A rubuta.

Ga wannan inji, mafi ƙarancin abin da Toyota ta yarda da shi kusan psi 145 ne, kuma bambanci tsakanin silinda da silinda kada ya wuce kusan psi 15. A sauran injuna, ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada mafi ƙasa ta gaza mafi sama da fiye da kashi 10 cikin 100. Bambancin ya fi lambar kanta muhimmanci, domin geji mai araha yana iya ƙari ko ragi, kuma tsayin gari yana taɓa sakamako. Iska tana raguwa da kusan kashi 3 cikin 100 a kowace mita 300, shi ya sa lafiyayyen inji zai nuna ƙasa a Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, fiye da yadda zai nuna a Legas.

A ce ka samu 180, 178, 115, 182. Ta uku ce mai ciwo. Yanzu zuba kamar cokalin shayi ɗaya na baƙin mai ta ramin filogi, ka sake aunawa. In lambar ta yi tsalle sosai, man ya toshe giɓin da ke tsakanin ringi da bangon silinda na ɗan lokaci, ke nan ringi ne ko bangon ya cinye. In ba ta motsa ba, zubar a sama take: bawul ko gaskit.

In silinda biyu maƙwabta ne suka faɗi tare, kamar ta biyu da ta uku, galibi gaskit ne ya fashe a tsakaninsu. In duka huɗun sun yi ƙasa daidai wa daida, kafin ka ce inji ya mutu a duba taimin, domin sarƙa ko bel da ya tsallake haƙori yana sa bawul buɗewa ba a lokacinsa ba.

Akwai tarko biyu. Na farko, 1ZZ-FE na shekarun farko ya yi suna wajen shan baƙin mai, saboda ƙananan ramukan da ke mayar da mai a jikin fistin suna toshewa, ringin share mai ya maƙale. Irin wannan inji zai iya nuna matsi mai kyau, domin man da ke haurowa yana yin aikin cokalin da muka zuba ɗazu. Na biyu, motar da ta shekara a ajiye tana iya nuna lamba ƙasa saboda ringi ya daskare ko tsatsa ta hau mazaunin bawul. A canza mata mai, a yi 'yan kwanaki ana tuƙa ta, a sake aunawa kafin a yanke hukunci.

Sauraron inda iska ke fita

Gejin kamfireshan yana cewa akwai zuba. Gejin zubar iska, mai agogo biyu da ake haɗawa da kwamfiresa, shi ke nuna ƙofar da take bi. Ana juya inji da hannu har fistin ɗin ya kai ƙololuwa a matakin matsi, lokacin da bawul duka suke rufe, sannan a tura iska ta ramin filogi. A tabbata an cire sifana daga jikin fuli, domin iskar na iya juya injin da ƙarfi. Zubar da ba ta kai kashi 10 cikin 100 ba lafiya ce, zuwa 20 tsohon inji zai iya rayuwa da ita, ta haura 30 kuwa akwai aiki.

Sai a kasa kunne. Huci daga salansa, bawul ɗin hayaƙi ne. Daga bakin shigar iska, bawul ɗin shaƙa ne. Daga murfin zuba baƙin mai, ringi ne. Kumfa a bakin lagireto, gaskit ne ko tsagewar top, kuma kada a buɗe murfin lagireto sai inji ya huce.

In bawul ne, a auna giɓinsa kafin a ɗaga top. Bawul ɗin da giɓinsa ya matse ba ya zama daram a mazauninsa, matsi ya zurare, kuma da yake ta mazaunin yake sauke zafinsa, a hankali sai ya ƙone. In an kama shi da wuri, saiti kawai yake buƙata.

Wata na'ura mai amfani ita ce siririyar kyamarar USB mai fitila da ake haɗawa da waya. Ka zura ta ramin filogi ka ga kan fistin da bangon silinda da idonka: zane-zanen karcewa, ɗigon ruwa, ko fistin ɗaya da ya yi tsabta fiye da saura. Ka ɗauki hoto ka ajiye tare da lambobinka.

Hukunci

Da waɗannan lambobi a hannu, maganarka da bakanike ta canza. Bawul ko gaskit aikin top ne, ba a buƙatar sauke inji, sai dai a kai top ɗin a duba ko zafi ya lanƙwasa shi. A nan kuma dole a nemo abin da ya jawo zafin tun farko. Cire tamostat da zuba ruwan rijiya zalla a lagireto, al'adar da ta zama ruwan dare, tana tara tsatsa da gishiri a hanyoyin ruwa, sabon gaskit ɗin ma ya bi na baya. Ringi da bangon silinda kuwa babban aiki ne, kuma ƙurar hunturu da ke wucewa ta yagaggiyar matatar iska tana cikin abin da ke cinye su.

A irin wannan hali ne ake auna gyara da sayen inji ɗan Beljiyam a Ƙofar Ruwa ko Panteka. In ka zaɓi saye, ka tafi da kyamararka da gejinka, ka nemi a haɗa batir da kik a auna kowace silinda a gabanka, ka kuma yi yarjejeniyar kwanakin gwaji kafin kuɗi ya bar hannunka. Inji mai sanyi zai nuna ƙasa kaɗan, don haka abin da za ka duba shi ne ko huɗun sun yi kusa da juna.