Ƙona Littafi Ba Ya Gyara Tarbiyya

A Talatar Mafara da Bakura da Maradun, da wuya ka zauna majalisar dattawa ba ka ji an ce littattafan soyayya ne suka ɓata 'yan mata ba, maganinsu kuma a ƙwace a ƙone. Masu faɗin haka iyayenmu ne da malamanmu, kishin 'ya'yansu ne ke sa su magana. Suna da hujja kuwa, domin akwai littattafan da batsa ce zalla, babu uban kirki da zai yarda su shiga gidansa. Inda na saɓa da su, cikin girmamawa, shi ne wajen magani.

An riga an gwada shi. A 2007, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, an tara littattafan da aka ƙwato daga makarantu a Kano aka cinna musu wuta, Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i kuma daga baya ta matsa wa marubuta da maganar rajista. Karatun bai tsaya ba. Yarinya ta naɗe littafin cikin hijabi, ko ta cusa shi tsakiyar littafin lissafi, bangonsa a yage don kada a gane shi. Yau labaran sun koma WhatsApp da Wattpad, inda babu mai tacewa, babu mai tsawatawa. Ashe abin da hani ya raba ɗaliba da shi malami ne da uwa, waɗanda za su nuna mata tsaki da tsakuwa.

Kuma kuɗin goro zalunci ne. Hajiya Hafsat Abdulwahid, wadda ta taɓa neman takarar gwamnan Zamfara, ta fitar da So Aljannar Duniya tun 1980. Balaraba Ramat Yakubu ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? a kan yarinyar da aka cire daga makaranta aka aurar da ita ga wanda ba ta so. Ciwon gidajenmu suke faɗa: auren dole, sakin wulaƙanci, rikicin kishiyoyi. Littafi bai ƙirƙiro waɗannan ba.

Mu nan Zamfara mun san abin da ke raba 'ya mace da ilimi. A Fabrairun 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai 279 a Jangebe, a Satumba suka sace na Kaya a Maradun, gwamnati ta rufe makarantu. Ƙasar da ta sha wannan bai kamata ta tsorata yarinyar da ke son karatu ba.

Malamin Hausa ya zaɓi littafi nagari ya shiga da shi aji, a karanta a fili, ya tambayi ɗalibai wa ya yi daidai, wa ya yi zalunci, me addini ya ce. Uwa ta karɓi littafin 'yarta ta karanta kafin ta yanke hukunci. Wadda aka koya wa tantancewa ita za ta ajiye na banza da kanta, ko babu mai ganinta.