Awon Cikin Ƙasa Kafin a Haƙa Rijiya: Bayani ga Hakimai da Malamansu

Babu Hakimin da ke riƙe da ƙasa a arewacin Kano da bai san kukan ruwa ba. Da zarar kaka ta wuce, rani ya nusa, sai tafkuna su ƙafe, rijiyoyi su ja baya, mata da yara su riƙa sammako da tuluna. A ƙasashen Ɗambatta da Bichi da Kunchi da Minjibir da Dawakin Tofa jama'a ta yi kauri ƙwarai, gona tana jikin gona, ana nomanta kowace shekara da taimakon taki. Tun a 1965 Michael Mortimore na Jami'ar Ahmadu Bello ya wallafa bincike a kan yawan mutanen karkarar da ke kewaye da birnin Kano, yau kuwa an ninka wancan yawa. Ruwan sama ba ya wuce wata huɗu zuwa biyar. Sauran watannin duka, mutane da dabbobi sun dogara ga abin da ƙasa ta adana a cikinta.

Saboda haka ne jama'a ke haɗa kuɗi, ko Ƙaramar Hukuma ta ware, domin a haƙa rijiyar burtsatse. Amma sau da yawa akan kawo mota, a yi ta huda ƙasa, a tarar da busasshen dutse, kuɗi su salwanta. Wannan takarda tana bayyana dalilin haka, da irin awon da masana na jami'o'i ke yi kafin a haƙa, da abin da ake bukata daga Hakimai da Dagatai da malamansu.

Inda ruwa yake kwana a ƙarƙashin ƙasa

Mutane da yawa suna tsammanin akwai wani babban kogi ko tafki a ƙarƙashin ƙasa, wanda ko'ina aka huda za a same shi. A yawancin ƙasar Kano ba haka abin yake ba. Wanda ya leƙa sabuwar rijiya zai ga rairayi a sama, sa'an nan marmara, sa'an nan yumɓu, sa'an nan wani ruɓaɓɓen dutse mai marmashewa kamar tsakuwa, daga ƙarshe a ci karo da fa, watau dutse mai tauri irin wanda ya fito fili a wurare da dama. Shi wannan dutse ba ya shan ruwa. Ruwan damina da ya nutse yana taruwa ne a wuri biyu kaɗai, cikin ruɓaɓɓen dutsen nan, da cikin tsagogin da ke jikin dutse mai tauri.

Kaurin ruɓaɓɓen dutse kuwa ba ɗaya ba ne. Wani wuri bai kai mita 5 ba, wani wuri ya wuce mita 30, kuma wuraren biyu suna iya zama cikin gona guda. In da za a kwashe ƙasar da ke bisa, da an ga dutsen ya yi tudu da kwari kamar ƙoren da aka jera. Inda ya yi kwari nan ruwa yake kwana. Shi ya sa rijiyar wani gida takan kai damina da ruwa, ta maƙwabcinsa kuwa ta ƙafe tun kafin bazara.

In aka nufi arewa maso gabas, wajen Gumel da Haɗeja, sai dutsen ya nutse can ƙasa, rairayi da yumɓu masu kauri su rufe shi. Masana suna kiran wannan shimfiɗar Cadi. A cikin rairayinta ne kogunan Jakara da Tomas da Gari suke ɓacewa. Can ruwa ya fi yaɗuwa, ko da yake yakan yi zurfi. Ƙauyukan da ke kan iyakar ƙasashen biyu su suka fi bukatar awo, gama ba a sanin ɓangaren da suka faɗa da ido.

Yadda ake awon

Ilmin da ke binciken cikin ƙasa ba tare da an tona ba shi Turawa ke kira jiyofiziks. Hanyar da aka fi bi a wannan ƙasa ita ce ta lantarki. Wani Bafaranshe, Conrad Schlumberger, malami a makarantar ma'adinai ta Paris, shi ya fara gwada ta a 1912. Asalin abin shi ne busasshen dutse yana tare lantarki, jiƙaƙƙiyar ƙasa kuwa tana ba shi hanya.

Ma'auna sukan kafa turakun ƙarfe huɗu a jere, su haɗa su da waya zuwa wani akwati mai batir. Turaku biyu na gefe suna tura lantarki cikin ƙasa, biyu na tsakiya suna auna yadda ya wuce. Sai a tuge na gefe, a ƙara nisanta su, a sake aunawa. Gwargwadon nisan turaku, gwargwadon zurfin da lantarkin ke ratsawa. Amma wayar da aka shimfiɗa mita 200 ba ta kawo labarin zurfin mita 200, sai wani kashi daga ciki, don haka ake bukatar fili mai tsawo. Daga lissafin da aka samu ne ake kimanta inda marmara ta ƙare, da kaurin ruɓaɓɓen dutse, da zurfin dutse mai tauri.

Akwai hanya ta biyu wadda ba a kafa turke. Mutum biyu ne ke tafiya, kowanne riƙe da kewayayyen naɗin waya, ɗaya yana aika ƙarfin maganaɗisu cikin ƙasa, ɗaya yana karɓar amsa. Wannan tana da sauri, da ita ake ratsa gari a gane wuraren da dutse ya yi kwari ko ya tsage, sa'an nan a koma can da turaku a auna zurfi.

Wannan aiki ba baƙo ba ne a Arewa. An kafa Ma'aikatar Binciken Ƙasa da Duwatsu ta Nijeriya a 1919, kuma a 1965 ta fitar da littafin du Preez da Barber a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa na Arewa. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka buɗe a 1962, Deborah Ajakaiye ta sami digirin dakta a wannan fanni a 1970, ta yi suna wajen auna bambancin nauyin duwatsun da ke binne. Bayan farin 1973 da na 1983 zuwa 1984 bukatar rijiyoyi ta tsananta. A shekarun 1980 hukumar KNARDA ta haƙa ɗaruruwan rijiyoyin burtsatse a ƙauyukan tsohuwar Jihar Kano, aka kuwa haɗa hanyoyin nan biyu wajen zaɓen wuri. Masana biyu daga cikin masu aikin, Beeson da Jones, sun wallafa bayanin dabarar a 1988. Yau malamai da ɗaliban Jami'ar Bayero ta Kano da na Zariya suna fita ƙauyuka da irin waɗannan na'urori.

Daga gonakin Kano zuwa wasu duniyoyi

Ilmin da ke neman ruwa a bayan garin Ɗambatta shi ne dai ke nemansa a wuraren da ƙafar mutum ba ta taɓa takawa ba, sai dai can an fi aiki da rada. Rada na'ura ce da ke aika igiyar rediyo ta saurari dawowarta, kamar mai yin kira a bakin rijiya yana jiran amsa-kuwwa. Daga jinkirin amsar ake gane zurfi, daga ƙarfinta ake kimanta abin da ta tarar.

A shekarun 1970 masana daga Jami'ar Cambridge ta Ingila sun yi shawagi da rada bisa Antatika, nahiyar ƙanƙara da ke ƙarshen kudancin duniya, suka ga alamar ruwa a ƙarƙashi. A 1996 aka tabbatar da girman tafkin Vostok, wanda ƙanƙara mai kaurin wajen kilomita 4 ta danne. A 1981 kuma radar da ke cikin kumbon Columbia na Amurka ta ratsa busasshen rairayin Sahara a iyakar Masar da Sudan, ta nuna tsofaffin hanyoyin koguna da yashi ya binne.

Daga nan aka ɗaga kai zuwa Mars, jar duniyar nan da ke maƙwabtaka da tamu. A 2003 ƙasashen Turai suka harba kumbon Mars Express, ɗauke da radar da masanan Jami'ar Rum suka jagoranci ƙirarta. A 2016 masu bincike na Jami'ar Texas suka ba da labarin ƙanƙara mai yawan gaske binne a wani fili na Mars da ake kira Utopia. Kumbon InSight, wanda ya sauka can a 2018 ya yi aiki har 2022, ya saurari girgizar ƙasa, kuma a 2024 masanan Jami'ar California suka yi lissafi a kan abin da ya ji, suka ce mai yiwuwa akwai ruwa cikin tsagogin dutse a zurfin kilomita 11 zuwa 20. Watau a can ma tsagar dutse ce ma'ajiyar ruwa, kamar yadda take a Kano. A watan Oktoba 2024 aka harba kumbon Europa Clipper zuwa ɗaya daga cikin watannin Mushtari, wanda ƙanƙara ta lulluɓe, ana zaton akwai teku a ƙarƙashinta. Ana sa ran isarsa a 2030.

Iyakar abin da na'ura ke iyawa

Lalle ne shugabanni su gane cewa na'ura alama take bayarwa, ba ta ganin ruwa ido da ido. Wani abin da ya faru game da Mars ya isa misali. A 2018 Roberto Orosei da abokan aikinsa a Italiya suka sanar cewa rada ta sami amsa mai ƙarfi daga ƙarƙashin ƙanƙarar kudancin Mars, a zurfin wajen kilomita ɗaya da rabi, suka ce tafki ne mai faɗin kimanin kilomita 20. Kafin shekara uku wasu masana suka nuna cewa daskararren yumɓu ma yana iya ba da irin wannan amsa, gardama ta kaure. Ƙanƙarar da ba a yi musu a kanta ba ita ce wadda kumbon Phoenix, ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Arizona, ya tono da hannunsa na ƙarfe a 2008. Gani ya kori ji.

Haka yumɓu yake ruɗar ma'auna a ƙasar Kano. Yana ba lantarki hanya fiye da tsakuwa mai ruwa, alhali kuwa ba ya sakin ruwan da ya riƙe. Ruwa mai gishiri ko kanwa shi ma yana nuna alama mai kyau, a haƙa a tarar ba ya shawuwa. Wayoyin lantarki da shingen ƙarfe da bututun da aka binne duka suna ɓata awo. Don haka ma'auni na kirki ba ya rantsewa cewa za a sami ruwa. Abin da zai ce shi ne wuri kaza ya fi wuri kaza alama, kuma a huda zuwa zurfi kaza. Awo yana rage asara ƙwarai, kuɗinsa kuwa kaɗan ne in an gwada da na rijiyar da ta fito busasshiya.

Abin da ake bukata daga Hakimai da malamansu

1. Kada a yarda mai kwangila ya fara haƙa sai ya nuna takardar awo mai ɗauke da sunan wanda ya yi, da wuraren da aka auna, da zurfin da aka ba da shawara.

2. Kafin ma'auna su iso, Dagaci da Mai Unguwa su sanar da jama'a, don kada a ga baƙi da wayoyi a zaci ƙwace gona za a yi ko neman ma'adini. Lantarkin ba ya cutar da ƙasa ko shuka, amma a hana yara da dabbobi taɓa turaku lokacin aiki. An fi son a yi awon bayan an kawar da amfanin gona.

3. A haɗa ma'auna da tsofaffin masu haƙar rijiya na garin. Su suka san gaba nawa aka yi aka sami ruwa a kowace unguwa, da inda aka ci karo da dutse, da rijiyar da ba ta ƙafe ba a shekarun fari. Da irin wannan sani ne ake gyara lissafin na'ura.

4. Inda aka kafa shaida, nan za a haƙa. Wannan shi ne abin da aka fi saɓawa. Akan matsar da shaidar zuwa ƙofar gidan wani mai faɗa a ji, ko bakin kasuwa, a ce ai taku ashirin ne kawai. Tsagar dutse kuwa siririya ce, taku ashirin ya isa a kauce mata, ya zama rijiya ta bayar guga ya hana. In wurin yana cikin gonar wani, Hakimi ya sasanta da mai gonar tun da wuri, a rubuta yarjejeniya.

5. A nisanta rijiya daga masai da juji da turken dabbobi da aƙalla mita 30.

6. Bayan an huda, a gwada jan ruwa na sa'o'i a ga ko yana ƙarewa, a kuma kai shi ɗakin gwaji, kafin a ɗora famfo a biya sauran kuɗi.

Aiki na ƙarshe na malaman Hakimai ne. Ya kamata kowane ofishin Hakimi ya buɗe littafi guda na rijiyoyi, a rubuta sunan gari da unguwa, da shekarar haƙa, da zurfi, da inda aka tarar da ruwa da dutse, da yadda ruwan yake kasancewa a watan Afrilu da Mayu. Rijiyoyin da suka fito busassu ma a shigar da su, gama labarinsu yana hana a sake zuba kuɗi a wuri guda. A ajiye kwafin takardar awo tare da littafin, a nuna wa duk ma'aunin da ya zo daga jami'a ko daga hukumar ruwa ta Jiha, a kuma miƙa shi ga wanda ya gaji ofis.