Ƙafar gaban mota: me ya dace da hanyar Cadakori?

Duk wanda ya taɓa shiga motar daji ranar kasuwa a Cadakori ya san cewa da an sauka daga gudron, sauran tafiya sai yashi, gargada da ramukan da damina ta bari. A nan ne direbobi ke musu kan ƙafar gaba, wato ƙarafan da ke tsakanin taya da jikin mota.

Iri ukku ne ake gani a wannan karkara. Na farko shi ne na tsohuwar Land Cruiser ƙirar 75: ƙarfe guda, wanda makanikai ke kira pon, ya haɗa tayoyin biyu, an ɗora shi bisa lam, faffaɗan ƙarafan nan da ake jerawa ɗaya kan ɗaya. Na biyu ya zo a 1999, lokacin da Toyota ta fito da ƙirar 79: pon yana nan, amma an maye lam ɗin gaba da ƙarfe mai naɗi. Land Rover ta riga ta bin wannan hanya tun 1983. Na ukku shi ne na Hilux ta zamani, inda kowace taya ke hawa da sauka ita kaɗai.

A kan gargada Hilux ta fi daɗi, ba musu. Mai ciki da aka ɗauko zuwa asibitin Maraɗi za ta shaida. Sai dai gaɓoɓinta suna da yawa, kowace gaɓa kuma roba ce ke rufe ta. Ranar da ƙaya ko kututture ya yaga robar, yashi ya shiga cikin maiko, sai ya riƙa cin ƙarfe kamar dutsen wāshi. Gyaran nan ba a yin sa a gindin gawo.

Lam kuwa tana jijjiga mutum har haƙori ya haɗu, amma ba ta da girman kai. Idan ganye ɗaya ya karye, karen mota ya ɗaure shi da tsohuwar robar taya, a lallaɓa har gari. Mai walda na kasuwa ya san ta. Mai naɗi tana tsakani: ta fi lam taushi, ta fi ƙafar Hilux jimiri, amma in ta karye babu ɗauri, sai an sami wata.

Abin da ya fi damunmu shi ne ƙarin da ake yi. Mai mota yana son ɗaukar buhunan gero, wake da aya fiye da ƙima, ga fasinja a sama, sai ya sa a ƙara ganyen lam gaba da baya. A baya ana iya fahimta, don can kaya suke. A gaba kuwa injin ne kawai, nauyinsa bai canza ba. Lam ɗin da aka cika ba ta lanƙwasawa, don haka bugun da ya kamata ta shanye sai ya wuce cikin shasi da ƙarafan sitiyari. Motar ta ƙara tsayi, ta ƙara saurin kifewa a kwana. Kuma da kaya sun danne baya, gaba ya ɗaga, tayoyin da ke juya mota suna taɓa ƙasa da kyar.

Abin mamaki, wanda ya biya kuɗin ƙarin lam shi ne ke yawo da matattun amortisa, alhali su ne ke hana taya tsalle a kan gargada.

A ganinmu, motar da ke kwana a ƙauye, nesa da garejin Maraɗi, pon ne ya dace da ita, a bar mata adadin lam da aka ƙera ta da shi, a sabunta amortisa kafin ruwan farko ya sauka.