Daga Samaru Zuwa Sabon Gari: Ina Falsafar Afirka Take?

Duk wanda ya shiga bas daga bakin ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ya bi ta Kwangila ya sauka kasuwar Sabon Gari, ya ratsa tsakanin makarantu biyu ne. A Samaru ana gardama da Turanci, da littafi a hannu. A rumfunan Sabon Gari kuwa ana yi da Hausa, a kan bashi da amana da haƙƙin maƙwabci, a ƙarshe wani dattijo ya rufe zancen da karin magana. To, a cikin biyun nan wace ce falsafar Afirka? Masana sun fi shekara 70 suna ja-in-ja a kan wannan tambaya, kuma mu ma ta shafe mu.

Falsafa dai ita ce bin diddigin tunani: mene ne gaskiya, mene ne adalci, wane ne mutum. Hegel, masanin Jamus, ya koyar cewa baƙar fatar Afirka ba su da gurbi a tarihin duniya, aka buga darussansa a 1837. Amsar da ta fara tashe ta fito ne daga wani fada ɗan Beljiyam mai aikin mishan a Kwango, Placide Tempels, wanda a 1945 ya wallafa littafi a kan falsafar mutanen Bantu. A 1969 John Mbiti, limamin Angilika ɗan Kenya, ya fitar da nasa a kan addinai da falsafar Afirka. Hanyarsu kusan ɗaya ce: a tattara al'adu da harshe da karin magana, a ce ga yadda ɗan Afirka yake tunani.

Ba a daɗe ba aka taso musu. A shekarun 1970 Paulin Hountondji na Jamhuriyar Benin ya ce wannan bayanin al'ada ne kurum aka sa masa rigar falsafa. A ganinsa ƙabila ba ta yin falsafa. Mutum ne ke yi, ya sa sunansa, ya kawo hujja, wani ya ƙaryata shi. Ta fuskar ikilisiya kuma, Dokta Byang Kato, mutumin Kwoi, ya soki Mbiti a 1975, yana ganin ya ɗaukaka addinin gargajiya fiye da kima. Mu ma muna da abin cewa. Mbiti ya duba harsuna biyu na Kenya ya yanke cewa tunanin ɗan Afirka ba ya hango gaba mai nisa. Amma manomin da ya shuka giginya ya san jikokinsa yake yi wa aiki.

Samaru ta ba da tata gudummawa ta hanyar tarihi. A 1962, shekarar da aka buɗe jami'ar, Farfesa Abdullahi Smith ya zo daga Ibadan ya kafa sashen tarihi, aka shiga tattara tsofaffin littattafan hannu na Larabci daga gidajen malamai. Irin waɗannan takardu sun nuna cewa tun kafin zuwan Turawa akwai masu rubuta tunaninsu da sunansu a ƙasar nan. Misali shi ne Abdulƙadir Ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rayu daga 1804 zuwa 1864, ya yi rubutu a kan hikima da sufanci da tarihi. Ashe sharaɗin da Hountondji ya gindaya, an riga an cika shi a ƙasar Sakkwato.

Dokta Yusufu Bala Usman, ɗalibin Smith, ya ƙara wani mataki. A littafinsa na tarihin Katsina na 1981 ya ƙi yarda a fassara komai da rigimar Fulani da Haɓe, domin ƙabila ba dutse ba ce, tana ginuwa tana sakewa. Ya koya wa ɗalibai su tuhumi kowace shaida, ta Bature ce ko ta kakanninmu. Wanda ya san Sabon Gari ba zai yi musun haka ba. Tun zuwan jirgin ƙasa unguwar ta tara Bahaushe da Bayarabe da Ibo da Banufe da mutanen kudancin lardin Zazzau. Idan an ce ga tunanin ɗan Afirka, na wanne daga cikinsu ake nufi?

Amma fa kada mu raina rumfar kasuwa. Masani Odera Oruka na Kenya ya zaga ƙauyuka yana zantawa da dattawa, ya tarar cikinsu akwai masu haddace hikimar gargajiya, akwai kuma masu auna ta su soke ta. Mu ma muna da su. Hausawa sun ce mahaƙurci mawadaci, sun kuma ce zomo ba ya kamuwa daga zaune. Wanne za a bi ranar da mai gida ya hana lebura haƙƙinsa? Karin magana ba ta yanke wannan hukunci, sai mutum ya zauna ya auna. A daidai wurin nan falsafa take farawa.

Anthony Kirk-Greene, wanda ya koyar a makarantar mulki ta Kongo a nan Zariya, ya wallafa bayani a kan mutumin kirki a 1974, ya lissafa halaye 10, cikinsu har da gaskiya, amana, kunya, mutunci da adalci. Jerin ya yi kyau, amma tambayoyin da ke bayansa namu ne. Idan kunya ta hana faɗin gaskiya, wacce za ta ja baya? Mutuncin wanda ba addininka ɗaya da shi ba, daidai yake da na ɗan'uwanka? A Maris 1987, da rikicin Kafanchan ya iso Zariya, an ƙone wuraren ibada, maƙwabta suka amsa wannan tambaya ta biyu, wasu da ashana, wasu da buɗe ƙofa.

Saboda haka shawararmu ga 'ya'yanmu da ke karatu a Samaru ita ce su riƙa sauka Sabon Gari da kunne buɗe, su kuma rubuta abin da suka auna da harshen da masu rumfa za su iya karantawa su yi musu gyara. Kwasi Wiredu na Gana ya ce duk ra'ayin da ka koya da Turanci, ka sāke tuna shi da harshen uwarka ka ga ko zai tsaya da ƙafafunsa. Bari mu gwada da kalma ɗaya a makon nan, a gida ko a majalisa: mu tambayi juna ma'anar adalci, mu kuma saurari amsar wanda ba mu saba zama da shi ba.